Ƙudaje a Hancin Rabi'atu

Ni na ba Muktar shawarar, kuma har yau ban ba shi haƙuri ba.

Shekarar da kuɗin mai ya cika Abuja, ma'aikatarsu ta sayo injina daga Folan, za a girka a Idu. Mutum ɗaya za a tura Folan ɗin kwas na wata uku, ko Muktar ko Sabo, abokin teburinsa. Shekara sha tara Muktar yana aiki, tafiyarsa mafi nisa Lokoja. Na ce masa in zai koyi yarensu, gaisuwa kowa na iya haddacewa, azancin magana ke sa a san mutum.

Sai ya nemo Simon, mai sayar da famfo a Dei-Dei, wanda ya yi karatu a Folan tun zamanin soja. Kowace Asabar Muktar yana wurinsa, kan buhun siminti da littafinsa. Ya koyi cewa mutanen can, in abu ya yi sauƙi, sai su ce burodi da bota ne. Mai naci, wai yana huda maka ciki. Mai fushi kuwa ƙudaje ne a hancinsa.

A gida ya fara gwaji.

"Rabi'atu, yau kina da ƙudaje a hanci."

Matar tasa ta ajiye ludayi. "Baban Zaid, a gidanku aka saba ganinsu. Maimaita."

Bai maimaita ba. Ya ci tuwonsa ba man shanu.

Ranar da injiniyoyin Folan suka iso Idu, darakta ya tambaya ta bakin tafinta ko girkawar za ta yi wuya. Muktar ya matso, ya gyara hula.

"Bułka z masłem," in ji shi, wato burodi da bota.

Babban injiniyan ya yi dariya har ya dafa injin. Ya rungume Muktar, ya zuba masa magana ta kusan minti biyu. Muktar na gyaɗa kai, bai tsinci ko kalma ba.

"Ashe kana ji haka, ka ɓoye mana?" in ji darakta.

"Kaɗan-kaɗan, oga."

"Kaɗan ina! Ai kai ba ka bukatar zuwa. Su za su yi wata uku a nan, wa zai kula da su in ba kai ba?"

Sabo aka ba tikiti. Muktar ne ya kai shi filin jirgi.

Har injiniyoyin suka koma, Muktar bai san yadda ake ce musu ina kwana ba.