Ƙofar da Ba a Yi wa Fenti Ba

Mijina mai fenti ne, kuma gwanintarsa ita ce ya zana wa katako jijiyoyin ƙarya da matsefin roba, har ka rantse icce mai daraja ne. Babana kuwa kafinta ne, ya tsufa a kan cewa wannan ba sana'a ba ce, yaudara ce da buroshi. Tun da muka yi aure bai taɓa yaba wa aikin surukinsa ba, abin kuma yana cin mijina a rai ba kaɗan ba.

Da ƙofar falon Baba ta fara ɓare tsohon fentinta, mijina ya ce ranarsa ta zo. Ya cire ta ya kwantar a tsakar gida, ya kwance hannunta, ya kankare koren fentin nan da ya yi ɓawo. Ya yi mini bayanin da ban tambaya ba: sai an goge da samfefa har ta yi sumul, an toshe ramuka da foti, an share ƙura, an shafa fentin ƙasa mai ruwan ƙwai, sannan zane zai zauna. Ya duƙa yana ta guga har ƙura ta mayar da shi tsoho.

Baba ya jawo kujera, wai zai sha iska. Iskar me! Gyara ya zo yi. Can sai ya zuba wa ƙofar ido, domin ƙarƙashin koren fentin katako ne ja, da jijiyoyinsa na gaske suna kwance kamar an taje su. Shi kansa bai san abin da ke gidansa ba.

Mijina ya buɗe gwangwanin fentin ƙasa. Baba ya tashi da ƙyar, ya je ya zauna a kan ƙofar daram, ya ce duk mai son shafawa ya fara da shi. Na yi dariya har da riƙe ciki, sai da na ga fuskar mijina na ji tausayi ya kama ni.

Baba ya shafa katakon da tafin hannu, ya sake shafawa.

"Wa ya koya maka guga haka?"

"Ba kowa, Baba."

"To, kana da hannu, ɗana. Fenti ne ya ɓata ka."

Mijina ya daɗe tsaye da buroshi a bushe. Sannan ya mayar da murfin gwangwanin, ya tambayi Baba ko da sauran inda bai gogu ba.