Lamba Tara

Wata biyu da rasuwar 'yarta aka kira Inna Mai Guga ofishin kula da jin daɗin jama'a a kan jikarta. Yarinyar shekararta bakwai, kuma tun tana da uku take kwana a bayan kakarta, tun ranar da ubanta, direban babbar mota, ya ce zai kai kaya ya dawo. Yanzu ne ya dawo, da sabuwar riga da takardar haihuwa a hannu, wai a ba shi 'yarsa.

Ma'aikaciyar ofishin mace ce mai sanyin murya, irin sanyin da ke ƙara wa mutum zafi. Ta ce, "Inna, marigayiya ta bar wani abu a rubuce?"

"Hannun da ya kasa riƙe cokali ne zai riƙe biro?"

"To ko shaida?"

"Ga ni."

"Ke ce mai nema, Inna. Ki nemo wani. Ranar Alhamis ta sama za mu yanke."

Inna ta koma gida tana guga tana huci, har ta ƙona wuyan rigar wani malamin makaranta. Tana cikin kankare ƙunar ne abin ya faɗo mata. A asibitin da 'yarta ta yi jinya akwai wata ɗaliba mai tabarau da ta zo sau uku da 'yar na'urar ɗaukar magana, ba ta fi kwalin ashana ba. Wai digiri na biyu take yi, tana bincike a kan iyaye mata masu doguwar jinya. Duk zuwanta sai ta roƙi Inna ta ɗan fita baranda, Inna ta fita tana tsaki. Bayan zuwa na uku 'yarta ta kamo hannunta ta ce, "Inna, na faɗa mata inda nake so yarinyar nan ta zauna. Ya shiga na'ura, ba mai canja shi."

Kwana biyu ta yi tana yawo a jami'a. Wannan ya ce gini na gaba, wancan ya ce an tashi daga nan tun bara. A rana ta uku ta hau bene hawa uku da gwiwar da ba ta son matakala, ta iske wani dogon lungu mai kujeru huɗu, biyu babu jingina. A ƙarshensa akwai ɗaki cike da kwalaye, ga fanka tana juyi ba iska, ga mai tabarau ta dafe kai a gaban kwamfuta.

"'Yar nan, kin gane ni?"

Ɗalibar ta miƙe da sauri. "Inna! Mahaifiyar Lamba Ta..." Ta rufe baki da hannu.

"Lamba me?"

"Tara. Haka muke rubuta su, don kada a gane su. Yaya jikinta?"

"Jikinta yana ƙasa. Kuma da sunanta na haife ta, ba motar haya ba ce."

Ɗalibar ta zauna a hankali, idonta ya kawo ruwa. Inna ba ta hau bene don kallon hawaye ba. Ta zayyana mata komai, direba, ofis, Alhamis, sannan ta shimfiɗa tafin hannu. "Ba ni maganar 'yata."

"Inna, ba zan iya ba."

"Ta ɓata?"

"Tana nan. Amma na yi mata alkawari a rubuce cewa ba wanda zai ji sai ni da malamina. Ta sa hannu, na sa."

"Ashe dai ta riƙe biro! Ku ta riƙe wa."

Aka kai ta wurin malamin, wani Farfesa mai furfura da kofin shayin da ya huce. Mutumin kirki ne, shi ya sa ma abin ya fi ciwo, don da ya ɗaga murya da Inna ta san yadda za ta yi da shi. Ya ba ta kujera, ya yi mata ta'aziyya, ya ce iyaye mata ashirin da biyu ne suka buɗe cikinsu ga ɗalibarsa saboda sun yarda maganarsu ba za ta fita ba. In aka fitar da ta mutum ɗaya yau, gobe wa zai sake yarda?

"Malam, ita marigayiyar don a ɓoye ta faɗa? Mai mutuwa ta ce ga inda za a kai 'yarta, ku kuka kulle a aljihun tebur, kuna gadin asirinta har a ɗauke yarinyar. Wannan karatun naku na taimakon mutane ne ko na ajiye su?"

"Akwai kwamitin da ke duba irin wannan, Inna. Su kaɗai ke da ikon ba da izini. Ranar ashirin ga wata za su zauna."

"Alhamis sha uku ce."

"Na sani."

"Ka sani! To sannu da sani."

Ɗalibar ta rako ta har matakala, tana murza gefen mayafinta. Can ta ce, "Inna, ko sun yarda, ba a yanka magana. Gaba ɗaya za a saurara, minti arba'in. Kuma ba yabo ne kawai a ciki ba."

Inna ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama. "Ta ce ina da faɗa?"

Ɗalibar ta gyara zaman tabarau.

"Ta ce bakina ne ya kori mijinta? Ta faɗa mini a fuskata, ina wanke mata kai. Ku sa duka. In ta zage ni ma ku ƙara murya."

Abin da aka iya yi kafin Alhamis bai fi layi uku ba. Farfesa ya rubuta cewa akwai wata magana da aka ɗauka, mai yiwuwa ta shafi yarinyar, kuma ana jiran kwamiti. Ɗalibar da kanta ta kai. Ma'aikaciyar ofis ta karanta ta ɗaga zama zuwa ƙarshen wata. Direba ya ce wasa ake yi da hankalinsa. Inna ta ce ai shekara huɗu ya yi yana kai kaya, mako biyu ba zai kashe shi ba.

Ranar ashirin tun da hantsi tana kan kujerar da ba jingina a ƙofar ɗakin taro. Ba a gayyace ta ba. Mutum biyar suka shiga da fayil-fayil, aka shigar musu da ruwan gora, ita ko kallo. Duk wanda ya fito zagayawa sai ta miƙe ta ce, "Ni ce uwar Lamba Tara," ya sunkuyar da kai ya wuce da sauri. Sai bayan azahar ɗalibar ta fito, tabarau a hannu.

"Sun yarda, Inna. Amma da sharaɗi. Ma'aikaciyar ofis kaɗai za ta ji, sau ɗaya, a rufe. Daga nan a goge, don dama ƙa'ida ce in an gama bincike a goge."

"Ni fa?"

"Ba ki cikin takardar."

"A cikina ta kwana wata tara, amma ba na cikin takarda."

Haka kuwa aka yi. A ƙarshen wata Inna da direba suka zauna a benci ɗaya a wajen ofis, kowa ya ba ɗan'uwansa ƙeya, yarinyar tana makaranta. Ɗalibar ta shiga da na'urar, aka ja ƙofa. Inna ta matsa ta kafa kunne a jikin katako. Ba ta ji kalma ko ɗaya ba, sai wani amo can ƙasa-ƙasa mai hawa da sauka, da tari sau biyu. Tarin ta gane. Ta tsaya a nan minti arba'in, masu wucewa suna ratse ta, ba wanda ya yi ƙarfin halin ce mata ta zauna.

Da aka buɗe, ma'aikaciyar ta kira su ciki. Muryarta ba ta yi sanyin da ta saba ba. Ta ce yarinya za ta ci gaba da zama wurin kakarta, uba zai riƙa ɗaukarta duk Asabar, bayan wata shida a sake dubawa. Direba ya buɗe baki, ta ce masa, "Kai ma an yi maganarka, kuma ba duka ce mummuna ba. Ka riƙa zuwa Asabar ɗin." Ya rufe.

Sannan ta dubi Inna ta saman takarda. "Ke kuma, Inna, ki rage faɗa."

"Ita ta ce?"

"Ni na ce."

"Ƙarya kike, ita ta ce! Haka take jan 'faɗa' ɗin nan tun tana ƙarama." Ta juya ga ɗalibar, ta kama hannunta da na'urar a ciki. "'Yar nan, minti ɗaya. Ba sai maganar ba. Ko tarin."

Ɗalibar ta juyo mata da fuskar na'urar. Babu komai a kai. "A gaban ma'aikaciyar na goge, Inna. Sai da ta sa hannu cewa ta gani."

Inna ta daɗe tana kallon abin. Ta saki hannun, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce wa ma'aikaciyar ta rubuta a fayil cewa ba ta yafe wa kwamiti ba, kuma za ta koma hawa na uku ta faɗa musu da bakinta. Ma'aikaciyar ta ce babu gurbin rubuta wannan.

"Ki nemo," in ji Inna. Ta fita da sauri, don an kusa tashin 'yan makaranta, kuma yarinyar ba ta son jira a bakin ƙofa.