Layin da Malama Ta Ƙi Tsallakewa

"Ba zan tsallake ba," in ji Malama.

Babban ɗan Mai Bene ya rage murya. "Layi ɗaya ne fa. Ki karanta masa na albarka, ki bar wancan."

"Shi ya nema, Yaya."

"Ki tuna a makarantar wa kike koyarwa."

Ta tuna sarai. Makarantar Mai Bene ce, maƙwabcinsu, wanda benensa ya tare wa gidansu rana tun tana rarrafe. A coci ma kujerarsa daban take, mai laushi, yaransa ke kawo ta su mayar. Ran da Malama ta karanta wa jama'a labarin mai arzikin da ya rushe rumbunansa ya gina manya, ta iso inda Allah ya kira shi wawa, Mai Bene ya miƙe ya fita, aka bi shi da kujerar. Bai ƙara amsa gaisuwarta ba.

Yau ga shi kwance, zobe na yawo a yatsarsa, ɗakin na warin magani. Shi ya aika a kira ta, ta sake karanta masa wannan labarin.

Ta buɗe Littafi ta karanta, ba ta ɗaga murya ba, ba ta sassauta ba. Da ta zo kan kalmar, ta faɗe ta yadda take.

Tsohon ya buɗe ido. "Sake faɗa, 'yar nan."

Ta sake.

"Fasto ya ce mini ba dukiyar ce laifin ba."

"Gaskiya ya faɗa, Baba. Mutumin ne bai ambaci kowa ba. Rumbunana, hatsina, raina. Shi kaɗai yake hira da kansa."

Mai Bene ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Bakinki dai bai canza ba."

"Bai canza ba, Baba."

Bai kai yamma ba. Malama na tsakar gidansu tana kwashe shanya ta ji kukan. Ta ninke zanen da ke hannunta, ta ɗauki na gaba. Ba ta ji komai a ranta ba.

Kafin a binne shi, unguwa ta gama ɗauka cewa ta zagi mai mutuwa. Ba a bar ta ta shiga gaisuwa ba. Aikinta ma ya tafi; maigadin makarantar ne ya miƙo mata jakarta ta saman ƙofa, yana kallon ƙasa.

Tana dawowa ta tarar an fito da kujerar Mai Bene ƙofar gidansa saboda masu gaisuwa. Mutane na zaune a tabarma kewaye da ita, ba wanda ya hau.