Layin Shirme a Albashin Auta

Ranar da Auta ta karɓi albashinta na farko a kantin magani, ko jaka ba ta ajiye ba ta zauna a teburin falo da biro da takarda. Kuɗin mota, kuɗin wuta, maganin hawan jinin Umma. Abin da ya rage kaf ta rubuta masa "ajiya".

Babanta, wanda ya shekara talatin yana gyaran agogo kafin ido ya gaza, ya jawo takardar har bakin hancinsa.

"Ina naki?"

"Ga shi nan, Baba. Ajiya."

"Wannan ai rabon wata tsohuwa ne da ba ki haɗu da ita ba tukuna. Ke ta yau fa?"

Ya karɓi biron, ya gutsuri kaɗan daga ajiyar, ya buɗe sabon layi: "Shirme". Ya ce dole ta kashe shi kafin wata ya ƙare, kuma a kan abin da ba shi da amfanin komai.

Umma ta leƙo daga kicin. "Malam, yarinya ta yi hankali kana neman ɓata ta?"

"Irin hankalin da na yi ke nan. Shekara nawa ina wuce wani jan keke a shago ina cewa sai wata mai zuwa. Da na shirya saye, gwiwa ta ce ba da ita ba."

Auta ta ɗauka abin mai sauƙi ne. Satin farko ta kawo sabulu mai ƙamshi.

"Ana wanka da shi?"

"E, Baba."

"To ba shirme ba ne. Mayar da shi layin gida."

Ta sayo masa silifas. Ya ce wannan cin hanci ne, bai karɓa ba, alhali ƙafarsa na ciki.

Saura kwana uku wata ya ƙare, tana jiran mota a gaban wani shagon littattafai, ta hango akwatin fenti mai kala goma sha biyu. Rabonta da zane tun firamare. Ta shiga ta fito har sau biyu, sannan ta biya, tana waige-waige kamar ta yi sata.

Ranar hutunta ta zaunar da Baba kusa da taga, ta hana shi motsi, ta hau zana shi. Umma na tsaye a bayanta tana danne dariya da bakin zane.

Da ta gama, ya daɗe yana kallo.

"Wane ne wannan bawan Allah?"

"Kai ne mana."

"Da wannan kunnen?"

"Ai rage maka ta yi," in ji Umma.

Ya miƙe yana ƙunƙuni, ya hau neman ƙusa a aljihun tebur.

"Ku kama min kujera. A saman ƙofa zan rataye shi, inda baƙi ba za su kalle shi da kyau ba."