Sunan Bamalli a Bangon Aji

Malama Rabi'a ita ta jawo wa kanta, wannan kam babu mai musu. Ita ta je horon malamai a Abuja, ta dawo Suleja bakinta cike da labarin wani shafin intanet da ake zuba wa tambayoyi, yara su amsa ta kwamfutar hannu, shi kuma ya yi maki da kansa ya jera sunaye a bango. Ta dami shugaban makaranta har ya fito da majigin da wata ƙungiya ta ba su, wanda ke kwance a kwalinsa kamar kwanon jeren amarya. Ta dami Malam Barnabas, malamin kwamfuta, har ya sa aka gyara janareta.

"Na'ura ba ta da ɗan uwa," in ji ta a ɗakin malamai. "Ba son kai, ba cuwa-cuwa."

Abin da ba ta tsaya ta tuna ba shi ne ɗanta na fari yana cikin ajin da take koyarwa. Sunansa Bamalli, amma ba a bakinta za ka ji ba. Gidan da ta tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Boko bai cire mata wannan ba. In yaron ya ɗaga hannu a aji, sai idonta ya tafi taga kamar ranar ta fara ganin dutsen Zuma. In tana makin takardarsa kuwa sai ta ɗan tsuke hannu, kada a ce. Shi ma ya saba, a makaranta Malama yake ce mata kamar kowa.

Aka sa ranar gasar kimiyya. Zagayen farko na gwaji ne, na biyu shi zai fitar da wanda zai wakilci makarantar a Minna. Bamalli ya ƙwallafa rai a tafiyar nan. Tana jin sa a tsakar gida yana maimaita karatu har ƙannensa suka haddace, ita kuwa ba ta taɓa cewa komai ba.

Malamai suka cika bayan aji, har da shugaban iyayen yara. Aka gama zagayen farko, majigi ya haska bango. A can sama, da manyan haruffa, ga sunan, har da hoton kofi yana rawa a gefensa.

"To, Malama, kira mana gwaraza," in ji shugaban makaranta.

Ta kira ta uku. Ta kira ta biyu, Comfort, aka yi tafi. Sai harshenta ya ƙi motsi. Kunya ta rufe ta tun daga ɗankwali har tafin ƙafa, gumi ya keto mata.

"Madam, kol am nau, kira shi mana," Malam Barnabas ya ce yana dariya. Bai san abin da yake tonowa ba, a garinsu uwa ma rawa take takawa.

"Na ɗaya kuwa… ai ga shi nan kowa ya gani," ta ce, idonta a ƙasa.

Malaman da suka gane suka ƙyalƙyale da dariya, wata har da cewa su Rabi'a an ji kunyar ɗan fari. Tafin ya zo a warwatse. Bamalli, da ya riga ya miƙe rabi, ya koma ya zauna.

Aka shiga zagaye na biyu. Ta tsaya gefen bango tana addu'ar ƙasa ta tsage. Sai ta ga sunan ya sauko mataki ɗaya. Ya ƙara saukowa. Tambaya ta fito kan sassan fure, wadda ko ƙaramar ƙanwarsa za ta amsa, ya faɗi. Da aka gama, Comfort ce a sama, shi kuwa ko cikin jerin da bango ya ɗauka babu shi. Rabi'a ta kira sunaye uku da murya garau, kuma Allah ya sani, a lokacin sauƙi ta ji. Wannan sauƙin shi ya fi komai ba ta kunya daga baya.

Da aka tashi, ita da Bamalli suka shiga keke-napep ɗaya, abin da ba su saba ba. Ta bari sai da suka wuce hayaniyar kasuwa, sannan ta yi magana tana kallon titi.

"Kai, me ya same ka? Tambayar fure fa?"

Ya shiga murza igiyar jakarsa.

"Da kai nake."

"Na san amsar, Umma."

"To?"

"Na ga yadda kika sha wahala a na farko. Na ce kada a sake sa ki kiran sunana."

Mai keke ya waiwayo ya tambaya ko a nan za su sauka, ta yi masa alama da hannu ya ci gaba.

"Ba komai," in ji Bamalli. "Comfort ma ta iya."