Masu Cin Mai

Na tsoma hannuna cikin baƙin ruwan har gwiwar hannu, na ɗago yana ɗiga.

"Kin gani, injiniya? Shekara arba'in ina wanke tankokin mai a wannan wurin. Abokan aikina huɗu ƙirji ya kwashe su. Ni ko tari ban taɓa yi ba."

Ba ta yi dariya ba, yarinyar. Kwanduna ta sauke cikin ramin da ruwan wankin ke taruwa kafin ya gangara unguwarmu, cike da 'yan ƙwallaye masu laushi kamar ƙwan kifi. Wai a cikin kowanne an ɗaure wasu halittun da ido ba ya gani, abincinsu mai.

"Masu rai ne, Baba. Don Allah kada a zuba musu komai."

"'Yar nan, ni za ki koya wa kiwo?"

* * *

Sati uku, ruwan ya fara washewa. Rijiyarmu tana bayan katangar wurin. Matata, wadda ƙuraje suka cinye wa hannuwa shekara da shekaru, ta daina susa.

"Ashe yarinya ta fi ka," in ji ta.

"Wa ke gadinsu, tsohuwa? Ni ne!"

Sai ga manaja da safe, yana toshe hanci.

"Tsoho, masu duba tsafta na tafe. Yi abin da ka saba."

Abin da na saba kuwa ba wanda ya kai ni iya shi. Duk zuwansu, jarka biyu na bilic, maganin nan na faranta tufafi, nake juyewa a ramin, wari ya ɗauke. Na tuna maganar yarinyar, amma na ce a raina: abin da ya ci mai bai mutu ba, bilic zai kashe shi? Ai irina ne.

Suka zo, suka shinshina, suka sa hannu. Har babbansu ya dafa kafaɗata.

* * *

Washegari injiniya ta ɗebo ƙwallayen a tafinta. Sun yi fari fat.

"Baba," ta ce. Ta miƙo mini tafin.

Manaja ya ce takardar shaidar tsafta ta samu, ba za a kawo wasu ba.

Yanzu mai ya dawo saman guganmu, kala-kala. Tsohuwa tana susa har jini.

Na ɓoye 'yan ƙwallaye kaɗan a kofi bayan randa. Kullum ina ɗiga musu mai. Yana nan a sama, ba wanda ya taɓa shi.