Ranar da Kaka Tome Ta Tafi Duba Teku

Ni tun farko na san abin da nake so, jirgi nake so. Mijina Shozo sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda a asibitin babban gari, kuma babu abin da ke kai shi asibitin nan a kan lokaci daga tsibirinmu na Minase sai jirgin fito na bakwai na safe. A watan Nuwamba aka liƙa takarda a tasha, wai daga Afrilu gwamnati za ta janye tallafi, jirgi ya koma sau ɗaya a mako. Sau ɗaya! Na karanta na sake karantawa, na ce lallai wanda ya rubuta wannan ƙodarsa lafiya lau take.

Saura kwana uku shekara ta ƙare sai ga wani baƙo daga Tokyo, Tsukamoto, da takalmin da ba a yi shi don dutsen tsibiri ba. Jam'iyyarsu ƙarama ce, 'yan majalisa huɗu gare su. Doka ta ce sai kun kai biyar ranar ɗaya ga Janairu kafin a ba ku kaso cikin kuɗin da baitulmali ke raba wa jam'iyyu. Idan suka cika biyar kuma, babbar jam'iyya za ta ja su cikin gwamnatin haɗin gwiwa, har ta sa hannu cewa ba za a taɓa jiragen ƙananan tsibirai ba. Na biyar ɗin da suke zawarci shi ne ɗan majalisarmu, Kuwabara Gentaro, wanda muke kira Sensei, wato Malam. Shekara ashirin da shida yana majalisa bai taɓa shiga jam'iyyar kowa ba.

Sensei ya saurare shi tsaf a ofishin masunta, inda nake aiki, ina zuba musu shayi ina kasa kunne.

"Ba ni da bakin amsa maka," in ji shi. "Hatimina yana aljihuna, amma sai zauren Minase ya ce in buga."

"To a tara su yau mana, Sensei. Minti talatin ya isa."

Sensei ya dube shi kamar mai jin tausayi, ya ce masa ya sha shayinsa kafin ya huce.

A zaurenmu ba a ƙuri'a. Kowane gida na da matashin zamansa a kan tabarma, a zauna a yi ta magana har sai babu sauran mai cewa a'a. Wanda yunwa ta kama ya tafi gida ya ci ya dawo, maganar tana nan. Tsoho Isokichi ne ke jan zaman, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma yana jin abin da ya ga dama ne kawai.

Ranar farko kam an sha hayaniya. Kenzo mai kamun kaguwa ya ce shi bai yarda da haɗin gwiwar nan ba, mutum biyar cikin ɗari biyu da wani abu, ko tari suka yi ba mai ji.

"Kai da matarka ma ba ta jin maganarka a gida," in ji wata daga baya, "ina ka san harkar majalisa?"

Aka kwashe da dariya har shi. Sai Noriaki, tsohon shugaban makaranta, ya gyara tabarau ya ce biyar ɗin nan su ne cikon da babbar jam'iyya ke nema, idan suka tashi gwamnati ta faɗi, saboda haka tarinsu ma sai an kawo musu ruwa. Batun kuɗi kuwa, ya ce ɗan siyasa dole ya ci daga wani wuri. "Idan baitulmali bai ba su a fili ba, kamfanonin siminti za su ba su a ambulan. Ku zaɓa." Na ji kamar in tashi in rungume tsohon nan.

A rana ta biyu ne Tsukamoto ya tafka kuskure. Ya ga rana na tafiya, ya ga yawancin mutane sun karkata, sai ya miƙe tsaye ya ce, "Don sauƙaƙawa, waɗanda suka yarda su ɗaga hannu."

Ba wanda ya ko kalle shi. Isokichi ya juya masa mataccen kunnen, ya tambayi Kenzo yadda farashin kaguwa yake a bana. Sai da aka shafe awa guda cur ana zancen kaguwa, mutumin yana tsaye, sannan ya gane ya zauna. Ni da nake gefensa a wannan magana, ni ma sai da na ji kunya ta kama ni. Ɗaga hannu a zaure ai raba mutane gida biyu ne, gobe kuma jirgi ɗaya za su shiga su fita teku.

Kafin yammar ranar kowa ya sauko, har Kenzo. Saura mutum ɗaya.

Kaka Tome shekararta tamanin da huɗu. Tun tana 'yar sha biyar take nutso ƙasan teku tana ɗebo dodon-koɗi, ba tukunyar iska ba komai, sai numfashin ƙirjinta. Ita ta goyi Sensei yana jariri lokacin da uwarsa ke nutso a teku, shi ya sa duk duniya ita kaɗai ke ce masa Gen. Shekara sittin ba a taɓa yin zama babu ita ba. Ita ta hana a sayar da gaɓar arewa ga masu otal, ta riƙe zaure kwana tara ita kaɗai, yau ga shi kowa na gode mata. Amma a ranar nan ba godiya ce a raina ba.

Ranar ƙarshe ta shekara, jirgin ƙarshe zai tashi ƙarfe uku na rana, kuma da shi Tsukamoto zai tafi, da takarda ko babu. Mata sun bar dakan mochi, wainar shinkafa ta sabuwar shekara, sun cika zaure. Na kawo Shozo na zaunar da shi kusa da murhun kananzir, ba don komai ba sai don tsohuwar ta ga fuskarsa yadda ta kumbura. Ban ɓoye ba, da gangan na yi.

Tsukamoto ya durƙusa gabanta, yanzu ya koyi ladabi. "Kaka, kuɗin jam'iyyun nan yen ɗari biyu da hamsin ne fa kacal a kan kowane mutum a shekara. Kuɗin kofin gahawa ɗaya."

"Ni ban taɓa saya wa wanda ban sani ba gahawa," in ji ta. "Matsa, ɗan nan, ba da kai nake ba. Gen!"

"Na'am, Inna."

"Duk bazara kana zuwa ƙofata. Ka cire takalmi, ka zauna a dandamali, in ba ka yen dubu a ambulan, in zage ka na rabin awa. Haka kake bi gida-gida. Ƙarya nake?"

"Gaskiya ne."

"To ranar da baitulmali ya fara biyanka, me zai kawo ka ƙofata? Wa zai zage ka?"

Sensei, mutum mai shekara saba'in da ɗaya, wanda ministoci ke shakkar tambayarsa, ya sunkuyar da kai.

"Na biyu," in ji ta. "Ka shiga cikinsu, sun ba ka jirgi. Wata rana za su kawo abin da ka san cuta ne, ba a kanmu ba, a kan wani tsibirin da ba mu san sunansa ba, su ce ka goyi baya don kada gwamnati ta faɗi. Me za ka yi?"

A raina ina ta cewa, ka ce za ka fita mana, ka faɗa ko da ƙarya ce, a wuce wurin! Amma ina.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna," in ji shi. "Ranar za ta zo. Ban san abin da zan yi ba."

"To ni ma ban yarda ba."

Na duba agogon bango, biyu saura kwata. Na dubi Shozo, yana ta murmushin nan nasa na mai haƙuri da ke ƙona mini rai. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Haba Kaka! Ke kin ci zamaninki kin cinye, shi kuma ya mutu saboda ki samu wanda za ki zaga a bazara? Idan ba za ki yarda ba, ki tashi ki tafi duba teku mana!"

Wata mata ta ce "Wayyo" a hankali. Shozo ya kama gefen rigata. Ko Isokichi ya ji wannan, da mataccen kunnen ma ya ji.

Tsukamoto ya raɗa wa Noriaki, me ta ce? A wurinmu, wanda ya kasa yarda har zuciyarsa, kuma ba ya son ya tsare jama'a, yana iya cewa zai tafi duba teku. Ya ɗauki matashinsa ya fita, waɗanda suka rage su zama baki ɗaya. Amma wanda ya fita haka ya fita ke nan, ba ya sake zama a zaure har ya mutu. Don kada abin ya zama wasa aka yi shi da tsada haka. A tsawon rayuwata sau ɗaya na ji an yi, tun ina yarinya. Kuma mutum shi ke faɗa da bakinsa. Ba a taɓa ce wa wani ya tafi ba, sai ni, Hatsue, mai baki kamar wuƙar fawa.

Kaka Tome ta juyo ta dube ni. Na zaci za ta wanke ni tas, kuma na cancanta. Sai ta wuce ni da ido, ta tsaya kan mijina.

"Shozo. Kwana nawa kake iya yi babu injin nan?"

"Kaka, ki rabu da ita, ranta ne ya ɓaci..."

"Tambayarka na yi."

"Huɗu. Biyar idan na matsa."

Ta gyaɗa kai. Ta rufe ido, ta ja numfashi dogo irin wanda suke ja kafin su nutse, har da ɗan fito a ƙarshensa. Tun ina ƙarama nake jin wannan fito daga bakin ruwa, ban taɓa jin sa a cikin ɗaki ba.

"Isokichi," ta ɗaga murya don ya ji. "Ka riƙe wannan. Ban yarda ba. Jiya ban yarda ba, yau ban yarda ba, kuma ina ganin kuskure kuke yi. Kuɗin da bai bi ta hannun mutane ba, ba ya jin maganar mutane." Ta dafa gwiwa ta miƙe. Wani ya kai hannu zai taimake ta, ta buge hannun. "Zan tafi duba teku."

Ta sunkuya ta ɗauki matashinta. Ya tsufa har ya lotsa da siffar zamanta.

Sensei ya rarrafo ya tare gabanta, ya kifa goshinsa a tabarma. "Inna, ki zauna. Na fasa. A nemi wata hanya."

"Wace hanyar? Ka yi shekara ashirin da shida kana nema. Tashi, Gen, kada ka mayar da fitata banza." Ta ɗan taɓa ƙeyarsa da yatsu biyu. "Ka dai riƙa zuwa a bazara. Ko ba ka buƙatar dubun, ka zo ka karɓa."

Daga nan ba wanda ya ba da umarni, amma zauren nan kaf, mutum sama da ɗari, kowa ya juya ya fuskanci ƙofa ya kai goshi ƙasa. Kenzo, Noriaki, matan da gari ke hannunsu, har Tsukamoto da bai gama fahimta ba. Ni kaɗai na rage a tsaye, ƙafafuna sun ƙi lanƙwasuwa. Ban taɓa ganin abu mai girma kamar ƙaramar tsohuwar nan tana ratsa tsakiyarsu da matashi a hammata ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ke kama mutum idan ya leƙa ruwa mai zurfi.

Da ta zo daidai ni ta tsaya. Kanta bai wuce kafaɗata ba.

"Kaka, ki yafe..."

"Rufe mini baki. Da mijina ne, da abin da zan faɗa ya fi naki muni." Ta gyara riƙon matashin. "Amma kin ga ɗakin nan? Dole a samu mai cewa a'a a cikinsa. Duk na duba, ke kaɗai ce marar kunyar da za ta iya."

Ta sa takalmanta ita kaɗai, ta ja ƙofa ta rufe.

Isokichi ya jira har aka daina jin takunta, sannan ya tambaya ko akwai sauran mai magana. Babu. Sensei ya fito da hatimi, Noriaki ya danne masa takardar, ya buga. Tsukamoto ya kama jirgin uku da gudu, ko sallama bai iya yi ba.

Jirgin bakwai na safe yana nan yana tashi kullum. Shozo na shiga, ina rakiyarsa, yana ta yi wa ma'aikatan jirgi surutu. Ko tsohuwar ta yi gaskiya game da kuɗin da haɗin gwiwar, har yau ana musu a Minase, ni ma wani lokacin ina ganin ta yi.

Ta ƙara shekara huɗu a duniya. Duk ranar da ake zama, sai ta ɗauko matashinta ta hau katangar bakin teku, ta ba zaure baya, ko ana ruwa ko ana iska, har sai mun fito. Nakan je in zauna kusa da ita, bakina cike da labarin abin da aka ce da wanda ya ce. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayata ba.